Ungozomar da Fim Ya Mayar Mayya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ga shi Kaka ta riga mu. Uwar mahaifiyata ce. Ta cika da hantsi a ƙarshen daminar bana, ana tsakiyar yankan gero, a ɗakin da aka kai ta tun tana amarya, a ƙauyenmu da ke gefen Ɗanzomo. Ina Gumel aka bugo mini waya. Kafin in samu mota in iso, har an kai ta makwancinta.

Tun daga ƙofar gida na gane yadda zaman makokin zai kasance. An shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiya, na gida da na aro, amma yawancinsu babu kowa a kai sai kaji. Maza sun yi mata salla, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma mata, waɗanda su ne mutanenta, sai su leƙo daga bakin zaure, su ce "Ya haƙuri?", su juya da goyonsu an lulluɓe shi ruf da mayafi. Ga randa cike da ruwan sanyi, ga moɗa a kai, ba wadda ta taɓa. Wata da na sani sarai, wadda Kaka ta karɓi haihuwarta ba sau ɗaya ba, ta tsaya tana girgiza kai tana cewa, "Allah dai ya yafe mata abin da ta yi."

Na ce, "Me ta yi, Baba?"

Inna, mahaifiyata, ta danƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Matar ta ja mayafi ta fice.

Daga baya na ji cewa wankan gawar ma Inna ce ta yi, ita da wata tsohuwar Bafulatana da ta taka da ƙafa daga rugarsu ta wajen Gagarawa. Ita kaɗai ce baƙuwar da ta zauna a tsakar gida ta miƙe ƙafa, ta ɗebi ruwan randar nan ta sha har yana zuba a haɓarta. Ta ce da ƙarfi, don na zaure su ji, "Jikokina duk ita ta yanke musu cibiya. Ga su can suna bin shanu. Ban ga wanda ta ci ba."

A zauren kuwa Kawu ne zaune, autan Kaka, kansa a tsakanin gwiwoyi. Duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya karɓa ba tare da ya ɗago ba.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Fuskar Kaka tana cikin wayoyin mutane daga Gumel har Damagaram, amma ba ita ce a ciki ba. Shi ya sa na zauna in rubuta wadda na sani, kafin ta cikin wayar ta gama cinye ta gaskiyar.

Ungozoma ce. A ƙauyenmu da ƙauyukan da ke kewaye, in ka tara samari da 'yan mata ka ce wanda Kaka ta yanke wa cibiya ya ɗaga hannu, sai ka nemi wanda bai ɗaga ba ka rasa. Tana da wani ɗan lefe da ke rataye a bayan ƙofa, a ciki akwai reza sabuwa a takardarta, da zare, da sabulu, da tsumma wankakke. Ko tuwo take tuƙawa, in aka yi sallama aka ce wance na kan gwiwa, sai ta miƙa wa na kusa muciya ta sungumi lefen. Tana cewa, "Tuwo yana jira, mai zuwa duniya ba ya jira." In kuwa ta ga haihuwa ta fi ƙarfinta, ba ta tsayawa gardama. Za ta fito ta tsaya a kan maigida ta ce, "Nemo babur, a tafi asibiti. Ni ungozoma ce, ba Allah ba." Maza da yawa sun ji haushinta a kan wannan, ita kuwa ko a jikinta.

Tana da wata irin sallama da babu mai yin ta sai ita. Takan ja ta, kamar mai waƙa, ta ƙare da, "Ina 'yan jikokina? Wa ya yi ƙiba ban sani ba?" Yara su fito da gudu, ta dinga mintsinin kumatunsu tana ba su ƙuli-ƙuli daga ƙullin zane. Ni kuwa Ƙawa take kirana. In na je hutu sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ƙawa, bokon nan dai ba ya sa nama. Ko littattafan kike dafawa?" In ce ai gado na yi, ita ma ba ta fi muciya kauri ba. Ta kai mini duka da mafici tana dariya, haƙoranta jajaye da goro.

Kuma gwanar kwaikwayo ce. Ba ta raina kowa a wannan fanni: tafiyar mai unguwa, tarin liman, yadda mijinta marigayi yake ciniki a kasuwa. In tana mana tatsuniya ta zo kan dodo, sai ta sauya murya har ƙananan cikinmu su ruga bayan Inna. Wannan baiwar ce ta ja mata.

Kawu yana da rumfa a kasuwar Maigatari, yana cajin waya yana tura wa mutane finafinai. Ranar Alhamis, in kasuwar dabbobi ta cika, sai ka ga 'yan tireda da makiyaya da direbobin manyan motocin kaya daga Nijar sun yi masa layi. Ya lura ba abin da suke so kamar fim na ban tsoro. Tun da ya lura da haka ya daina barci. Ya ce shi ma sai ya yi nasa, na maita, da harshenmu, a ƙasarmu. Ya ari kyamara wajen wani mai ɗaukar biki a Gumel, ya tara abokansa. Jini zoɓo ne da aka dafa ya yi kauri, hayaƙi kuwa ɗanyen ganye ne a kan garwashi. Komai ya samu, sai mayya. Duk tsohuwar da ya tunkara sai ta ce masa, "Kai, tafi can, Allah ya tsari gatari da noma."

Sai ya zo ya durƙusa gaban uwarsa.

Ina nan aka yi rigimar. Inna ta tashi tsaye, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban Kaka ba, ta ce, "Iya, kada ki yi. Mutanen nan ba su san wasa ba. Ke da kike shiga ɗakin masu jego? Kuma kin sani ana cewa a nono ake shan maita. Ni na sha naki, 'yata ta sha nawa."

Kaka ta ce, "Ke dai tun kina yarinya matsoraciya ce. Wa bai san ni ba a ƙasar nan? Wanda na wanke wa kashi ne zai ce ni mayya ce?"

"Iya, wasa farin girki."

"Ɗana ya roƙe ni abu. Gona ya ce in sayar? Ya ce in yi abin da nake yi muku kyauta a tsakar gida."

Inna ta juya kan Kawu ta wanke shi tas, ta ce shi dai shagwaɓar auta ce za ta kai gidan nan ta baro. Ranar ba ta ci tuwon gidan ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a gidanmu ranar nan 'yar ce ta hango.

Da aka zo ɗauka, Kawu ya shafa mata toka a fuska, ya ce ta zaro ido ta yi ihu. Ta yi sau ɗaya, dariya ta ƙwace mata, ta goge tokar da bakin zane. Ta ce, "Kai yaro ne. Wa zai ji tsoron wannan? Ai mahaukaciya ka yi. In mayya kake so, da fara'a take zuwa, ta yi sallama, ta tambayi yara." Kawu ya yi tsalle ya ce wallahi haka za a yi.

To, a nan aka yi kuskuren. Babu kuɗin ɗinka mata kaya, sai ta sa zanenta na kullum, mai ruwan bula, wanda kowa ya san ta da shi. Babu kuɗin neman wani gida, sai aka ɗauka a namu, ga randarmu ga turminmu. Aka ce ta riƙe wani abu a hannu, sai ta ɗauko lefen bayan ƙofa. Da aka ce ta shiga gidan da za ta kama kurwar yaro, sai ta ja sallamar nan tata, ta ce, "Ina 'yan jikokina? Wa ya yi ƙiba ban sani ba?" Sannan ta juyo ta kalli kyamara, murmushin ya ɗauke a hankali. Ni da nake tsaye a gefe, ina ganin tukunyar zoɓon da idona, sai da tsigar jikina ta tashi.

Fim ɗin ba wani abin kirki ba ne, gaskiya ɗaya ce. Sauti yana tafiya yana dawowa, akwai inda ake jin akuyarmu tana kuka a daidai lokacin da ake binne gawa. Amma ya tafi. Daga waya zuwa waya, daga rumfar Kawu zuwa ƙauyukan Sule Tankarkar, ya tsallaka iyaka. Da farko abin raha ne. A gidan suna mata kan ce, "Iya, yi mana kallon nan," ta yi, a fashe da dariya ana tafawa.

Ban san ranar da dariyar ta tsaya ba. Sai dai muka fara jin guɗa a maƙwabta, an haihu, ba a aiko ba. Sai ta yi sallamarta a ƙofar gida, maimakon yara su fito, sai a ji uwa tana kiran su ciki. Maganar da ta yi ta yawo ita ce, wai wanda bai san abu ba ba zai iya kwaikwayonsa haka ba. Aka fara tuno jariran da suka koma a shekarun baya, waɗanda ita ma ta yi kukansu, ana ƙirga mata su. Kawu ya bi majalisa-majalisa yana rantsuwa cewa shi ya tsara komai, zoɓo ne, wasa ne. Suka ce to ai ɗa ba zai tona asirin uwarsa ba.

Kaka ta ƙi yarda abin ya kai haka. Takan ce, "Bar su, ramin ƙarya ƙurarre ne." Lefen yana nan a bayan ƙofa, takan sauke shi ta kaɗe ƙura ta mayar.

Sai 'yar maƙwabcinmu ta kwanta. Yarinya ce da ba ta daɗe da fara zuwa makarantar allo ba, Kaka ce ta karɓe ta ranar da ta faɗo duniya. Zazzaɓi ya yi mata zafi har ta fara jijjiga, tana sambatu, a cikin sambatun ta kira Kaka. Yaya ba za ta kira ta ba, ita da kullum take gindinta tana cin ƙuli-ƙuli? Amma a wajen mutanenmu, mara lafiya ya kama suna, magana ta ƙare.

Bayan la'asar suka zo, uban yana ɗauke da ita a kafaɗa, mutane a bayansa har waje. Ya shimfiɗe ta a tsakar gidanmu. Ga wanda bai sani ba, al'adar ita ce, in ana zargin mutum ya kama kurwar wani, sai a sa shi ya tsallake mara lafiyan, wai ta haka yake sakin ta. Wanda ya tsallake ya amsa laifi ke nan a gaban jama'a. Wanda ya ƙi kuma, in rai ya yi halinsa, shi ya kashe.

Uban ya ce, "Iya, don girman Allah ki sakar mini 'ya."

Kawu ya fito da taɓarya, abokansa suka riƙe shi. Inna tana kuka tana cewa a kira liman, a kawo Alƙur'ani uwarta ta dafa. Kaka ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa ta taɓa goshin yarinyar, ta ja fatar idonta ta duba, ta juya tafin hannunta. Fari fat.

Ta ce, "Yarinyar nan ba ta da jini. Ka kai ta Gumel yanzu."

Ya ce, "Ba ciwon asibiti ba ne, Iya. Kin fi kowa sani."

"In na tsallake, za ka kai ta?"

Ta ce, "Ka faɗa a gaban mutanen nan. Ka sa a tayar da babur, in ji ƙararsa da kunnena, sannan in tsallake."

Inna ta riƙe mata ƙafa tana cewa, "Iya, kada ki yi mana haka, kin san abin da ake nufi." Kaka ta zare ƙafarta a hankali. Da babur ya yi ƙara a ƙofar gida, ta tattare zanen nan mai ruwan bula, ta ɗaga ƙafa da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ta tsallake. Na ji wani irin numfashi ya fita daga taron gaba ɗaya. Ta ce, "To ɗauke ta, me kake jira?"

An yi wa yarinyar ƙarin jini, an yi mata maganin zazzaɓin sauro, ta dawo da ƙafarta. Da ta mutu, da sun ce Kaka ta cinye ta. Da ta rayu, sai suka ce kun gani, ta sake ta.

Ban taɓa yi wa Kaka tsawa ba sai a kan wannan. Na same ta a ɗaki tana jan carbi, na ce, "Kaka, me ya sa? Kin ba su abin da suke nema! Yanzu da wane baki za mu yi musu?"

Ta ce, "Ƙawa, rage murya, ba a kasuwa muke ba."

"Sunanki fa!"

"Na ji. In na tsaya wankin sunana har liman ya zo, a yi rantsuwa, a yi gardama, magariba ta yi, wa zai wanke yarinyar? Ni ce dai za a kira in wanke ta, in ma sun yarda." Sannan ta ce, "Ni na yanke mata cibiya."

Daga ranar ba a ƙara kiranta haihuwa a ƙauyen ba, sai can ruga jefi-jefi. Ta daina sallamar nan tata. In za ta shiga gidan mutane, da wuya ma take shiga, sai ta yi gajeruwa irin ta kowa. Ta daina ƙulla ƙuli-ƙuli a zane, don ta ga ana karɓe shi daga hannun yara ana jefa wa kaji. Wannan ya fi komai ci mata rai, na sani, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Kawu ya goge fim ɗin daga na'urarsa, ya bi masu rumfuna yana roƙo su goge. Magana zarar bunu ce. Har yau in ya shiga mota yakan ji muryar uwarsa tana tashi daga wayar wani fasinja. Bai ƙara riƙe kyamara ba. Shekaru suka wuce shi da Inna gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Kaka kuwa ba ta yarda a zage shi a gabanta ba. Takan ce, "Shi ya sa mini zanen? Ni na ɗauko lefena da hannuna." Wata rana ma ta ce in kunna mata fim ɗin. Ta kalla har ƙarshe, ta tsuke baki ta ce, "Ai kuwa na iya. Akuyar nan ce dai ta ɓata mana aiki." Ta yi dariya, ni na kasa.

Ranar sadakar uku aka daka gumba aka rarraba gida-gida. Da yamma muka ga kwanukan suna dawowa, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Muna zaune muna kallonsu sai aka yi sallama. Wata matashiya ce da jariri a baya. Sai da ta yaye mayafi na gane ta: yarinyar nan ce, ta girma, an yi mata aure a wani ƙauye wajen Maigatari. Ba ta tsaya a bakin zaure ba. Ta shigo har tsakar gida, ta durƙusa a gaban Inna, kusan daidai inda aka taɓa shimfiɗe ta, hawaye na zuba.

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina, yau dai ga wadda za ta faɗa, a gaban kowa.

Ta ce, "Inna, ya haƙuri? Jiya na ji, na ce ko mijina bai so ba sai na zo. Kullum tana ba ni ƙuli-ƙuli. Ni dai ban riƙe ta ba. Tun da ta tausaya ta sake ni, wallahi na yafe mata, duniya da lahira."

Da gaske take, har cikin ranta. Alheri ta zo yi.

Na buɗe baki, Inna ta sake danƙe mini hannu a inda farcenta ya shiga ranar farko. Ta ce, "Mun gode, 'yar nan. Allah ya ba da lada." A zaure na ji Kawu ya fashe da kuka irin na yara, wanda aka ce bai yi ba ko a bakin kabari.

Na tashi na ɗebo ruwa a randar Kaka na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai moɗar bakinta, leɓɓanta a rufe, ta ajiye. Ta gyara goyonta, ta ja mayafi ta rufe kan jaririn, ta yi mana sai an jima.

Da za mu tashi daga makoki Inna ta ce in ɗauki abin da nake so a ɗakin. Lefen na ɗauka. A ciki akwai zare, da sabulun da ya bushe ya tsage, da reza a takardarta. Rezar ba ta yi tsatsa ba, sabuwa ce fil. Inna ta ce ai duk wanda zai je kasuwa sai ta ba shi saƙo ya sayo mata wata, ta jefar da tsohuwar, ko za a aiko.

Ya Allah, Kai ne ba a nuna maka fim. Ka ga ƙafar da ta ɗaga, Ka san dalili. Ka jiƙan Kaka, Ka haskaka kabarinta, Ka karɓe ta yadda ta karɓi 'ya'yan mutane. Wanda duk yake da fim ɗin nan a wayarsa, ban ce ya goge ba, na san ba zai gogu ba. In tsohuwar nan mai zane ruwan bula ta yi sallama ta tambayi 'yan jikokinta, ya amsa mata, ya ce Allah ya jiƙan ungozoma.